Littafi a Hannun Maƙwabta: Sharhi a Kan In Da So Da Ƙauna da Al'adar Aron Littafi

Gabatarwa

A cikin akwatin goggona a garinmu Rawayau, ta ƙasar Kurfi, akwai wani tsohon littafi da ba shi da bango, ba shi da shafin farko, ba shi kuma da ƙarshe. An ɗinke ƙeyarsa da zare da allura, aka yi masa sabuwar riga da takardar buhun siminti. A cikin wannan rigar na ƙidaya sunaye 11, kowanne da irin hannunsa, wasu da biro, wasu da fensir, ɗaya ma da ajami. Littafin shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Goggo ta ce ba ita ta saya ba, ba ta kuma san wanda ya saya ba. Wata ɗaliba ce 'yar makarantar kwana ta zo da shi hutu a shekarun 1990, ta ba ƙawarta aro, ƙawar ta ba matar yayanta, daga nan ya yi ta ƙetare katanga, har ya zo ya yada zango a gidanmu.

Abin da nake so in yi a wannan 'yar maƙala shi ne in yi tambaya biyu, in kuma gwada amsa su gwargwadon fahimtata. Ta farko, mene ne a cikin wannan littafi da ya sa mutane suka kasa riƙe shi su kaɗai, sai sun miƙa wa na kusa da su? Ta biyu, shin yawon da littafi ya yi a hannun jama'a hujja ce ta nagartarsa? Tambayar ta biyu ta shafe mu ƙwarai, mu ɗaliban adabi, domin a kan amsarta ne za mu san littattafan da suka cancanci mu ɓata lokacinmu a kansu, da waɗanda za mu bar wa gara.

Yadda Littafi Ya Zama Abin Aro

Ƙagaggun labaran Hausa na farko ta ƙofar makaranta suka shigo. Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Hukuma ce ta buga, hukuma ce ta raba, malami ne kuma ya tsaya a kan yaro ya karanta. Ko littattafan da kamfanin NNPC na Zariya ya fitar a 1980, watau So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, ta hanyar gasa suka fito, kuma a aji suka fi samun masu karatu.

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan tsari. Na farko, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika birni da ƙauye da yara, maza da mata, waɗanda suka iya karatun boko da Hausa ko da Turancinsu bai nuna ba. Na biyu, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya daga buga sababbin labarai. Ga masu karatu birjik, ga ƙishirwa, amma ba rijiya. Sai matasa suka shiga rubutawa suna bugawa da kuɗin aljihunsu. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila?, ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka kafu a Kano, kuma Ado Ahmad yana cikin jagororinta. Daga baya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta jiharmu ta zo da Allura Cikin Ruwa.

Waɗannan littattafai ba malamin da ya tilasta wa kowa karanta su. A Kano ake sarinsu, 'yan tebur su kai su kasuwanni da tashoshin mota, masu shago su ba da haya a kan 'yan kuɗi kaɗan. A gari kamar Rawayau kuwa, inda sai an je Dutsin-Ma ko Katsina ake ganin mai sayar da littafi, aro ne kaɗai hanya. Ashe ke nan duk littafin da ya iso gidanmu ya riga ya ci jarrabawa sau da yawa, domin a kowane hannu ana iya jefa shi ƙarƙashin gado a manta da shi.

Labarin a Taƙaice

In Da So Da Ƙauna ya bazu a farkon shekarun 1990, aka fassara shi zuwa Turanci, aka kuma mayar da shi fim a 1994. Labarin Sumayya ne, 'yar masu hali, wadda ta kamu da son Muhammad, saurayi mai ladabi da ilimi amma ɗan talakawa. Sai ga Abdulƙadir, matashin attajiri, shi ma ya fito neman aurenta. Da ya ga yarinya ba ta yi da shi, sai ya bi ta hannun kakarta da alheri, ita kuwa tsohuwa ta kafe a kan sai shi. Iyaye suka rasa yadda za su yi da maganar mahaifiya. Da Sumayya ta ga an rufe mata kowace ƙofa, sai ta faɗa rijiya. An ciro ta da rai, kuma bayan wahalhalu masoyan biyu suka yi aure.

Namu kwafin a daidai rijiyar nan ya ƙare, domin sauran shafukan sun zube a hanya, kashi na gaba kuwa ba wanda yake da shi a unguwar. Goggo ta ce sun yi watanni Sumayya tana cikin rijiya. Wasu suka ce ta mutu, wasu suka ce marubuci ba zai yi wannan rashin imani ba, har sai da wani ɗan unguwa ya je Katsina ya dawo da cikon labarin.

Abin da Ya Ba Littafin Ƙafa

Jigon littafin shi ne auren dole da fifita dukiya a kan hali. Wannan jigo ba baƙo ba ne a adabinmu. Tun a Jiki Magayi mun ga yadda mai kuɗi ya raba Abubakar da Zainabu, abin ya ƙare da ɗaukar fansa. Bambancin shi ne, a Jiki Magayi ciwon na namiji ne, shi aka ƙwace wa, shi ya shiga duniya neman rama gayya. A littafin Ado kuwa yarinyar ce a tsakiyar fage. Ita ta zaɓa, ita ta ƙi, ita ta ɗauki mataki. Yarinyar da ke zaune a ɗaki a Rawayau, wadda ta san ana maganar aurenta a zaure ba a tambaye ta ba, ta ga kanta a takarda. Idan ta miƙa wa ƙawarta littafin ta ce mata ta karanta, wani abu ne take faɗa mata wanda kunya ba za ta bari ta faɗa da bakinta ba. A nawa ganin wannan shi ne babban sirrin aron. Littafin ya zama ɗan aike.

Marubucin ya yi dabara wajen zaɓen inda ya ɗora laifi. Bai ɗora wa uba ba, bai ɗora wa addini ba, sai ya ɗora wa kwaɗayi, ya kuma sa shi a bakin kaka. Ta haka mai karatu zai iya jin haushin auren dole ba tare da ya ji ya yi wa mahaifinsa rashin kunya ba. Har ila yau ya nuna wani abu na gaskiya a zaman Bahaushe, watau yadda magidanci mai iko da gidansa yake komawa yaro a gaban mahaifiyarsa. Da littafin ya fito da zagin iyaye ƙarara, da ba zai kwana biyu a gidan aure ba. Saboda ya san iyakarsa ne ya sami shiga har ƙuryar ɗaki.

Ta fuskar salo, Hausar littafin mai sauƙi ce, irin ta hirar yau da kullum, ga yawan zance tsakanin taurari, ga kalaman soyayya da ake iya cirewa a yi amfani da su. A kwafinmu wuraren da suka fi baƙi da dauɗar hannu su ne wuraren kalaman nan, wasu ma an ja musu layi. Samarin unguwa sun kwafe su a wasiƙunsu. Irin wannan salo yana da daɗin karantawa a bayyane, kuma haka aka fi karanta shi a gidanmu: bayan sallar lisha, a gaban fitilar ƙwai, mutum ɗaya na karatu, sauran mata na sauraro, har da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Mai karatun takan juya Kananci zuwa Katsinanci ba ta ma sani ba, inda aka rubuta 'ya ta ce ɗiya, idan kuma ta iso wurin da ya yi mata nauyi a gaban manya sai ta tsallake. Wato dai littafin ya koma gurbin da tatsuniya ta bari, kuma kowace mai karatu ta zama abokiyar aikin marubuci.

Ta fuskar zubi da tsari, an rarraba labarin kashi-kashi, kuma ana yanke zance a inda rai ya fi son ji. Wasu manazarta suna ganin wannan dabarar kasuwa ce kawai. Gaskiya ne akwai kasuwa a ciki, amma ba a kanmu farau ba. A Landan, tun daga 1842 Charles Mudie ya shiga ba da hayar littattafai, kuma da yawa daga ƙagaggun labaran Ingilishi na ƙarni na 19 a kashi uku ake buga su, abin da ya ba mai haya damar raba labari ɗaya ga mutum uku a lokaci guda. Charles Dickens ma kaɗan-kaɗan yake sakin labaransa, wata-wata ko mako-mako. Ba wanda ya ce don haka ba adabi ba ne. Abin dubawa shi ne ko marubuci ya iya riƙe zaren labarinsa daga kashi zuwa kashi, kuma Ado ya iya.

Inda Aka Yi Rauni

Hausawa sun ce so hana ganin laifi, amma aikin mai sharhi ne ya gani. Babban raunin littafin yana wajen taurarinsa. Muhammad nagari ne tun daga farko har ƙarshe, Abdulƙadir kuwa an shafa masa baƙin fenti tun bai buɗe baki ba. Ba a bar mai karatu ya yi wahalar yanke hukunci ba, an riga an yanke masa. Da an yi Abdulƙadir mutumin kirki mai kuɗi, wanda laifinsa kawai shi ne ba a son sa, da tambayar littafin ta fi haka nauyi: shin yarinya tana da ikon ƙin mutum ko da ba shi da aibu? Wannan ita ce ainihin matsalar auren dole, kuma littafin ya kauce mata.

Wadda ta fara nuna mini wannan rauni ba malamar jami'a ba ce. Kakarmu ce, Allah Ya jiƙanta, wadda aka ce tana cikin masu sauraro a tsakar gida. Goggo ta ce kullum aka zo wurin kakar Sumayya sai ta tsuke fuska ta ce an yi wa tsohuwa sharri, domin tsohuwar da ta ga yunwa da idonta ba kwaɗayi ne ke sa ta nema wa jikarta gidan da akwai hatsi ba, tsoro ne. Wannan magana sharhi ce cikakkiya. Marubucin ya nuna mana abin da kaka ta yi, bai nuna mana abin da take tsoro ba, don haka ta fito kamar dodo a tatsuniya maimakon mutum mai dalili. Da ya ba ta baki ta kare kanta, da rikicin ya zama tsakanin gaskiya biyu, kuma irin wannan rikici shi ke sa labari ya daɗe.

Rauni na biyu shi ne rijiya. Faɗawar Sumayya ita ce ƙololuwar labarin, ita ce kuma ta karya taurin kan manya. A nan dole mai nazari ya tsaya. Idan hanyar da ta ɓulle wa tauraruwa ita ce yunƙurin hallaka kanta, wane darasi aka bar wa yarinyar da ke cikin irin halinta? Iyayen da suka yi fargabar wannan ba su yi wauta ba, kuma ba su ne farkon masu irin wannan fargaba ba. A 1774 marubucin Jamus Goethe ya fitar da labarin saurayi Werther wanda ya kashe kansa saboda soyayya, har hukumar birnin Leipzig ta hana sayar da littafin don gudun kada matasa su kwaikwaya. Ana iya kare Ado da cewa gargaɗi yake yi wa iyaye, yana nuna musu inda tilas ke kaiwa. Na yarda da haka, sai dai littafin da ke yawo hannu-hannu ba ya zaɓen wanda zai faɗa wa, kuma ya fi faɗawa hannun 'ya'ya a kan na iyaye.

Riba da Asarar Aro

Ribar aro a fili take. Mata da yawa da aka cire daga makaranta aka yi musu aure, da waɗannan littattafai suka riƙe karatunsu bai zube ba. Na san wadda ta koyi haɗa baƙi don kawai ta gaji da jiran mai karanta mata. Abin da gangamin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya nema da kuɗin hukuma, ga shi labarin soyayya ya yi wani yanki nasa a kyauta.

Asarar kuwa a kan marubuci take faɗawa. Mutum 11 sun rubuta sunansu a kwafinmu, waɗanda suka saurara sun fi haka, amma sau ɗaya aka biya kuɗinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: mai shagon haya yana iya cin ribar kwafi ɗaya fiye da wanda ya rubuta shi. Marubucin da bai samu ba kuwa dole ya yi sauri ya fitar da wani, ba tare da mai tace masa rubutu ba, kuma daga nan ne kurakuran ƙa'idojin rubutu da maimaita jigo suka yi wa wannan adabi yawa. Yau littafin takarda ya ja baya, labarai sun koma cikin waya, ana tura su ta WhatsApp ana kuma sauraronsu a YouTube, amma ciwon bai warke ba. Marubuciya takan sa kuɗi kaɗan a kan labarinta, kafin gari ya waye wani ya yaɗa shi kyauta. Aron da yana da iyaka, domin takarda tana tsufa, kuma mai aro ya san zai haɗa ido da mai littafi. Na yanzu ba shi da wannan kunyar.

Matsayin Manazarta

A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu a kan waɗannan littattafai. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onica, yana ganin abu ne mai wucewa. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya a kan cewa adabin zamani ne da ya cancanci nazari, Ibrahim Sheme kuma ya buɗe wa muhawarar fili a jaridar New Nigerian. Daga waje, Brian Larkin ya yi nazarin wannan littafi na Ado a 1997, yana danganta shi da tasirin finafinan Indiya. A 2007 kuma aka kai ga ƙona wasu littattafan hikaya a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Masu suka sun yi gaskiya da suka ce yawan masu karatu ba ya mayar da rubutu mai rauni ya zama mai ƙarfi. Amma sun yi kuskure da suka ɗauka cewa jama'a ba sa tacewa. Littattafai da yawa sun fito a shekarun nan, akasarinsu sun mutu a hannu na biyu ko na uku, 'yan kaɗan ne aka ɗinke da zare don kada su salwanta. Amsata ga tambaya ta biyu ke nan: aro yana gaya mana cewa littafi ya taɓa wani gyambo na gaskiya a jikin al'umma, amma ba ya gaya mana ko an iya wanke gyambon. Wancan na farko masu karatu ne ke tabbatar da shi, na biyun kuwa aikinmu ne. In Da So Da Ƙauna ya ci jarrabawar farko ba tare da gardama ba. A ta biyu ya sami rabo mai kyau a salo da riƙe zaren labari, ya gaza a ginin taurari da warware rikici.

Kammalawa

Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai abu biyu. Idan mun je hutu garuruwanmu, Kurfi ko Dutsin-Ma ko Safana ko Batsari, mu tambayi iyayenmu mata da yayyenmu littattafan da ke cikin akwatunansu, mu rubuta wane ne ya zo da su, su wa suka karanta, me suka ce a kansu. Waɗannan mata su ne masu sharhin farko na wannan adabi, kuma ba wanda ya rubuta abin da suka faɗa. Sa'an nan ƙungiyarmu ta nemi a ware wa irin waɗannan littattafai wuri a ɗakin karatu, tun takardarsu ba ta ruɓe ba, domin ba takarda mai ƙarko aka buga su da ita ba. Ga malamanmu kuma, muna fatan idan ana koya mana Jiki Magayi a riƙa ajiye In Da So Da Ƙauna a gefensa, mu ga yadda jigo ɗaya ya sauya kama cikin shekara kusan 60.

Wanda kuma Allah Ya hore masa, idan ya ari littafi ya ji daɗinsa, ya daure ya sayi nasa, domin marubuci ma yana da iyali. Ni dai na sayi sabon kwafi na kai wa goggo. Ta karɓa ta yi godiya, ta ba wata jikarta aro a ranar, tsohon kuwa ta mayar da shi akwati ta kulle. Allah Ya ƙara mana fahimta, amin.